Hukuncin Komawa Aikin Albashi Bayan Ritaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi ritaya ina karɓar fansho, sai aka yi mini tayin aikin kwantiragi. 'Ya'yana sun ce kwaɗayin duniya ne, lokacin lazimtar masallaci ya yi. Ya halatta in haɗa fansho da albashi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Shari'a ba ta yanke wa neman halal shekaru ba. Ritaya tsari ne na ma'aikatu. Allah Ya ce a Suratul Mulk, aya ta 15, a yi tafiya a sassan ƙasa a ci daga arzikinSa, kuma Bukhari ya ruwaito daga Miƙdamu cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci da aikin hannunsa. Idan iyalinka na buƙata kuma fanshon bai wadatar ba, neman na iya zama wajibi, domin ciyarwa ba ta faɗuwa saboda furfura.

Fansho hakkin aikin da ya gabata ne, albashi kuma ladan aikin yanzu, don haka haɗa su halal ne, sai dai idan dokar fanshonka ta shar'anta dakatar da shi ko sanar da hukuma in an koma aiki. A nan ɓoyewa haramun ce, saboda umarnin cika alkawari a farkon Suratul Ma'ida. Haka nan rage shekaru a takarda ƙarya ce, ko da kowa yana yi.

Inda dattawa suka fi tuntuɓe shi ne zaton za su tarar da ofis yadda suka bar shi. Sau da yawa yaron da mutum ya koya wa aiki shi ne yanzu ke sa hannu a takardar hutunsa, fayil kuma ya koma cikin kwamfuta. Aya ta 26 a Suratul Ƙasas ta haɗa ƙarfi da amana ga wanda za a ɗauka aiki, saboda haka wanda zai riƙa zuwa a makare, yana jingina aikinsa ga na ƙasa saboda nauyinsa da suke ji, albashinsa bai tsarkaka ba. Ka auna lafiyarka da haƙurinka kafin ka amsa.

Maganar 'ya'yanka kulawa ce, kada ka watsar. Idan aikin zai cinye maka sallar jam'i ko ya raunana jikinka alhali kana da wadata, barinsa ya fi. Allah ne Mafi sani.