Ko kurkum da koren shayi za su tsayar da tangaɗin yarana?

TAMBAYA: Likita, 'yata mai shekara 14 da ƙanenta mai 11 tafiyarsu ta koma tangaɗi, hannu na rawa, magana na sarƙewa. Ni da mahaifinsu 'ya'yan wa da ƙani ne. A asibiti an ce ciwon jijiya ne na gado. Na ga ana tallar ƙwayoyin kurkum da na koren shayi a intanet, wai suna gyara jijiyar da ta lalace. In saya? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Hajiya, Allah Ya ba su lafiya, Ya ƙara miki juriya. Ki riƙe kuɗinki tukuna.

Masu tallar nan ba daga sama suka tsinci maganar ba. A wasu cututtukan gado, irin wanda likitan Jamus Nikolaus Friedreich ya bayyana a 1863, ƙarfe kan taru a cikin ƙwayoyin jijiya ya riƙa cin su kamar yadda tsatsa ke cin kwano. Wasu sinadaran tsirrai suna rage wannan ɓarna, kuma a jikin ɓera da ƙuda an ga alamun nasara. Sai an zo kan mutum labari ke sauyawa. A Melbourne ta Ostireliya an ba masu ciwon Friedreich sinadarin da ke cikin ɓawon inabi; sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna furotin da ya yi ƙaranci a jikinsu, wanda ƙarancinsa ke jawo ciwon, bai ƙaru ba, waɗanda suka sha giram 5 a rana kuwa gudawa ta dame su. Sinadarin kurkum kaɗan ne ke wuce hanji ya shiga jini. Na koren shayi ya fi tayar min da hankali, domin hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta yi gargaɗi a 2018 cewa miligiram 800 a rana na iya taɓa hanta. Kofin shayi ba shi da laifi, ƙwayar da aka tattara shi ce matsalar.

Magani ɗaya ne ya tsallake gwaji. A 2023 Amurka ta amince da Skyclarys, maganin ciwon Friedreich, wanda aka ƙera daga wani sinadari da ake samu a ganyen zaitun, bayan masana sun sauya masa siffa. Rage saurin ciwon yake yi, ba ya warkarwa, na 'yan shekara 16 zuwa sama ne, kuma a 2023 farashinsa ya kai kusan dala dubu 370 a shekara.

Abin da nake so ki bi diddigi shi ne sunan ciwon. “Na gado” bai isa ba. Ciwon Friedreich da wuya a same shi a baƙar fatar kudu da Sahara. Akwai kuma mai kama da shi ƙwarai, wanda aka fi sani a Tunisiya da maƙwabtanta, ya fi fitowa a auren zumunci: jiki ne ke kasa riƙe bitamin E. Wannan gwajin jini ke gano shi, kuma idan aka fara ba da bitamin ɗin da wuri bisa ma'aunin likita, ciwon kan tsaya.

Ki nemi a tura ku wurin likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa na Shika, ki roƙi a auna bitamin E, a duba zuciya da suga, a sa su layin masu motsa gaɓoɓi. Idan suna da ƙanne, ki tafi da su ko da lafiyarsu ƙalau. Zogale da zoɓo kuwa su ci su sha a matsayin abinci.