Kwazazzabo da kwari: ina bambancinsu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji a rediyo an ce mota ta ƙwace ta faɗa kwazazzabo. Mu a gidanmu kwari muke cewa. Shin abu ɗaya ne, ko kuwa da bambanci?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Akwai bambanci, ko da yake duka biyun gangare ne. Kwari fili ne mai faɗi da ya yi ƙasa tsakanin tuddai. Ana noma a ciki, ana kiwo, har gari ake kafawa. Kwazazzabo kuwa matsattse ne, mai zurfi, gaɓarsa a tsaye kamar an yanka da wuƙa. In ka tsaya a bakinsa kana iya gaisawa da mutumin da ke wancan ɓangaren ba tare da ɗaga murya ba, amma kafin ka kai gare shi sai ka yi zagaye mai nisa.

Ruwa ne ke haƙa shi. Yakan fara da ɗan tsagi a bakin gona ko ƙarshen lambatu, damina bayan damina yana cin ƙasa, har ya kai jaki da kayansa ya shiga ba a hango kunnensa. Shi ya sa muke ba shi aikatau na mai ci: kwazazzabo ya cinye hanya, ya ci gona, ya kusa cin maƙabarta.  Mutanen garin Gombe sun san wannan sarai, don zaizayar ƙasa ta daɗe tana raba musu unguwanni.

Da rani ƙasansa yashi ne da duwatsu, a nan ya sha bamban da rafi. Yara na wasan ɓuya a ciki, iyaye na tsawata musu da zarar hadari ya haɗo, domin ruwan da aka yi can nesa yana iya sauko wa mutum ba shiri.

Kalmar namiji ce, jam'inta kwazazzabai. Direbobi ma sun ara: hanyar da ramuka suka lalata sai su ce duk kwazazzabai ce, ko da zurfin bai wuce gwiwa ba.

Af, wajen rubutu a kula. Kwari na ƙasa da kwarin zuba kibiya duk da k ake rubuta su. Ƙwari masu cin amfanin gona su ne masu ƙ mai lanƙwasa.