Malam, in cire tasrihin saukar baƙi da sunan ɗan ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Makka ce, igamata, wato takardar izinin zamana, a ƙarƙashin maigida take. Shekara uku ke nan muna kama wata shugga, wato gidan haya a cikin bene, a unguwar Aziziyya, ɗaki biyu da falo, muna saukar da 'yan Umara daga gida, wani kwana biyar wani kwana goma, musamman da azumi, kuma da wannan kuɗin nake biyan makarantar yara. Yarona ya taɓa sa min ita a manhajar haya, daga baya suka sauke suka ce sai da lambar tasrihi, wato lasisin hukuma. Satin da ya wuce aka zo aka manna takarda a ƙofar wata shugga da ke ƙasanmu, tun ranar ban yi barcin kirki ba. Wani mu'aƙƙib, irin masu bin wa mutane takardu a ofisoshin gwamnati, ya ce in ba shi riyal 4,000 zai cire min tasrihi da sunan wani ɗan ƙasa, ni in ci gaba da harkata ina ba mutumin wani abu duk wata. Malam in yi? Ga azumi ya matso, har na karɓi kuɗin mutum biyu.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kwantar da hankali, ya sa a ga ƙarshen abin lafiya. Amsa a gaggauce dai kar ki ba shi ko riyal ɗaya, kar ki ba shi hoton igamarki, kar ki ba shi na maigida. Bari in yi bayani.

Manhajar da ta sauke shuggarki ba zalunci ta yi miki ba. Tun 1 ga Janairun 2025 Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido ta hana duk wani dandalin haya, na gida irin Gathern ko na waje irin Airbnb da Booking, tallata wurin saukar baƙi da ba shi da tasrihinta. Wanda aka kama yana saukar baƙi babu tasrihi, garamarsa, wato tararsa, tana iya kaiwa riyal miliyan ɗaya, ko a rufe wurin, ko a haɗa masa duka biyun. Kuma dokar ba ta ce sai wanda ya yi talla a manhaja ba, ko ta WhatsApp kike samo baƙinki, ko ƙawarki ce ke turo su daga Kano, in dai mutum zai kwana ya biya ki kuɗin kwanaki to kin shiga cikinta. Shi wannan tasrihi na gidajen mutane, ɗan ƙasa ake ba, wanda ke da takardar mallakar gidan ko kwantiragin haya mai rajista a Ejar, tsarin rajistar haya na gwamnati, kuma yana cirewa ne da kansa ta shafin ma'aikatar da Nafath ɗinsa, wato manhajar gwamnati ta tantance shaidar mutum. Ke da maigida ba ku cika sharaɗin farko ba. Nan maganar ta tsaya, kuma nan ne 'yan damfara ke shigowa.

To wannan shawara ta mu'aƙƙibinki ita ce abin da ya fi ci min rai a wannan aiki, wallahi ba a yin sati ban ji ta ba a ofishinmu, daga bakin mutanenmu masu hankali, masu sallah a Harami. Kowa sai ya ce ai sunan ɗan ƙasa ne a takarda, ai komai ya zama halal a idon hukuma. Hajiya abin da ya kwatanta miki sunansa tasattur, wato ɗan ƙasa ya ba baƙo sunansa ko rajistarsa ya yi kasuwancin da ba a yarje masa ba. Laifi ne mai zaman kansa da dokarsa daban, wadda aka sabunta a 2020, hukuncinsa ɗauri har shekara biyar, garama har riyal miliyan biyar, a ƙwace abin da aka samu ta hanyar, sannan baƙon a yi masa tarhil, wato a kore shi daga ƙasar. Ki duba da kyau. Yanzu laifinki na ma'aikatar yawon buɗe ido ne, na garama da rufe ƙofa. In kin bi shawararsa kin ɗauki kanki da kuɗinki kin sayi laifin da ke kai mutum kurkuku, gudun gara kin faɗa gidan zago. An ba da lokacin gyara ga masu irin wannan harka, ya ƙare tun Fabrairun 2022, duk wanda ya ce miki har yanzu ana sassautawa ƙarya yake yi.

Sai su ce wa zai sani? Kowa zai sani. Mai tasrihi dole ya shigar da bayanan kowane baƙo a tsarin Shumus na Ma'aikatar Cikin Gida. To wa zai shigar, mutumin da ke zaune Ɗa'if ko Riyad bai taɓa taka benen ba? Kuɗin baƙi kuma asusun wa suke shiga? In naki ne ko na maigida, ga hujja an samu, mace mai igamar zaman aure kuɗi na shigo mata daga mutane ashirin a wata ɗaya. In asusunsa ne, to kuɗinki na hannun mutumin da ba ki da takarda ko ɗaya a kansa. Ga haris ɗin imara, wato mai gadin benen, ya san mai kawo zannuwan gado da mai karɓar makulli, ga maƙwabta da suka gaji da jan akwati ƙarfe uku na dare. Kuma doka ta tanadi lada ga wanda ya tona tasattur, har kashi 30 cikin 100 na garamar da aka karɓa. Kin ga ashe shi kansa mu'aƙƙibin da ya haɗa ku, ranar da kuka saɓa yana da abin ci a kanki sau biyu.

Akwai wani dattijo da ya zo wurina bara, ɗan wajen Sakkwato, ya haura shekara talatin a garin nan. Ya shigo da leda baƙa cike da rasitai, na na'urar sanyaya ɗaki guda shida, na katifu, na firji, na labule, ya baje min su a tebur ɗaya bayan ɗaya yana lallashe su da tafin hannu don sun yamutse. Shugga uku ya gyara da gumin shekarunsa, duk da sunan wani ɗan ƙasa da suka yi zaman amana. Mutumin ya rasu, Allah ya jiƙansa, magada suka zo suka canza makullai cikin kwana biyu, don a takarda komai na mahaifinsu ne, kuma ban ga laifinsu ba, abin da suka gani a rubuce suka bi. Ya ce min ɗana ina zan kai ƙara? Na rasa abin ce masa, domin duk rasit ɗin da ke gabana hujja ce a kansa kafin ta zama hujja gare shi. Ya tattara su ya mayar cikin ledar ya ƙulle bakinta. Wannan fa wanda ya dace da mutumin kirki ke nan. Wanda bai dace ba, wata uku ana zaman lafiya, na huɗu a ce kason ya ƙaru, na biyar a ce ko ki ba da ko in kira hukuma.

Ina kuma kira ga masu wannan dillanci su ji tsoron Allah. Ka san abin da kake sayarwa, ka san matar nan kuɗin makarantar 'ya'yanta ne, ka karɓi dubu huɗu ka cika fom ɗin da ba ya ɗaukar rabin awa, ranar da aka zo kamu wayarka a kashe. A garin da ko niyyar zalunci aka yi wa kashedi a kai, a nan kake cin wannan kuɗi. Wasunsu ma ba su cire komai, tsohon tasrihin wani suke gyarawa a kwamfuta su buga da launi su kawo miki, ke kuma ki rataye a bango kina murna. Duk wanda ya nuna miki takarda, kira 930, layin ma'aikatar ne, ki tambaya ko wurin na da tasrihi.

Abin da zan ba ki shawara, na san ba zai yi daɗi ba. Ki mayar wa mutum biyun nan kuɗinsu yau, ki gaya musu gaskiya, ki nuna musu otal ko shugga mai tasrihi su kama da kansu, amma ban da karɓar la'ada, shi ma dillancin gidaje yana da nasa lasin da ake kira Fal. Sannan maigida ya ɗauko kwantiraginku na Ejar ya karanta, domin yawanci mai haya ba shi da ikon ba wa wani haya sai da izinin mai gida, kuma ina kyautata zaton mai imarar bai san abin da ake yi a shuggar ba. Ku same shi ku yi magana ta mutunci, ko ya karɓi shuggarsa ku rabu lafiya, ko ya sayi kayan da kika zuba. In shi yana son ya cire tasrihi ya yi harkar da kansa, da asusunsa da ma'aikatansa, wannan hakkinsa ne kuma babu laifi. Abin da ba zai yiwu ba shi ne sunansa a bango, ke a bayan labule.

'Yan'uwa na jini da suka zo da bizarsu lafiya suka sauka a gidanki kyauta, wannan baƙunci ne ba kasuwanci ba. Sai dai ki kula da lokacin Hajji. A Hajjin 2025 an sanar cewa daga 1 ga Zulƙi'ida zuwa 14 ga Zulhajji, duk wanda ya ba mai bizar ziyara masauki a Makka ko ya ɓoye shi, garamarsa na iya kaiwa riyal 100,000, kuma tana ninkuwa da yawan mutanen da aka samu. A nan babu ruwansu da ko kin karɓi kuɗi ko ba ki karɓa ba, ko ƙanwar mahaifiyarki ce. Don haka da Shawwal ya shiga ki tambayi duk wanda ke gidanki ranar tafiyarsa, ki ga tikitin da idonki.

Lambar mu'aƙƙibin nan kuma, in kin riga kin tura masa wata takarda taku, ki gaya wa maigida yau da daddare, kar ki bari sai gobe.