Filin Tambaya da Amsa: Bwat ɗin motata na bugu, makanike ya ce in sayi wani

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa da fatan kana lahiya da iyali. Ina da Camry 2008 otomatik, wadda ƴan Najeriya ke ce ma masul, yau sati uku kenan da sahe lahiya lau take tahiya amma da ta ɗauki zahi sai wutar cek ta kama, giya ta dinga bugu kamar an dake ni daga baya, wani lokaci ta maƙale a giya guda ko na taka ba ƙarhi. Ran Juma'a haka ta yi min a hanyar Ɗan Isa na dawo gida kamar mai amalanke. Na kai garaji an sa mashin ya fiddo P0748, makaniken ya ce bwat, wato akwatin giya, ya mutu a sayo wani Katsina ko Kano. Kuɗin da ya faɗa wallahi ba ni da su. Mi ka gani? Daga mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah shi kyauta. Kar ka saida ko akuya tukuna. Lambar nan P0748 ba cewa ta yi bwat ya mutu ba, cewa ta yi kwamfutar mota, wadda wasu ke ce ma kalkilater wasu biren bos, ta aika wuta zuwa solenoyid mai daidaita matsin mai sai ta ga layin ya yanke ko ya haɗe. Maganar wuta ce zalla. Da bawul ne ya cije saboda datti da P0746 ko P0747 za ka gani.

Shi solenoyid ɗin, masu faransanci na ce mai elektroban, ɗan abu ne bai hi babban yatsa ba sosai, zaren tagulla ne aka naɗe a ciki, in wuta ta shiga ya zama maganaɗisu ya motsa bawul ya ƙara ko ya rage matsin man da ke kama kuloci. A Camry irin taka Toyota na kiran shi SL1. Da kwamfuta ta rasa shi sai ta koma tsarin kare kai, shi ya sa ka ga ta riƙe giya guda tana bugu.

To abin da za ka sa a yi, ba wurin mai bwat za ka fara ba, mai wutar mota za ka nema wanda ke da mita ta awo kuma ya iya karanta ta, don akwai masu rataye ta ado kawai. A fara da batir, mota a kashe ya ba da wajen bolt 12.6, in tana aiki tsakanin 13.5 da 14.5, a duba wayar mas, wato ta nagatib, da ke ɗaure a jikin inji ko ta yi tsatsa. Sannan a cire soket ɗin da ke jikin bwat daga waje a haska shi da tocila. Nan ne na hi zargi gaskiya, sau nawa na ga an buɗe shi an tarar da ƙafafun sun yi kore shar, ko mai ya tsattsafo ya cika shi ƙurar Maraɗi ta bi ta zama laka, ballantana wanda ke kai mota wanki a feshe inji da ruwa mai ƙarhi ko ya kutsa ruwan damina har rabin taya. Ɓera ma na nashi aikin in motar na kwana kusa da buhunan gero.

In soket lahiya yake sai a sa mita a kan om a auna ƙafafu biyu na SL1. Littahin Toyota ya ce om 5.0 zuwa 5.6 a zahin digiri 20, to mu ina muka ga digiri 20 in ba cikin hunturu da asuba ba, kuma tagulla in ta yi zahi awonta na ɗan hawa, saboda haka in ka ga 6 da rana tsaka kar kowa ya ce maka ya ƙone. Abin tsoro shi ne mita ta nuna kusan sifiri, ya haɗe kenan, ko ta ƙi nuna komi, ya yanke. A kuma auna kowace ƙafa da jikin mota, bai kamata a samu haɗi ba.

Amma ka ce da sahe lahiya take sai ta yi zahi, wannan maganar taka ita ce rabin aikin. Zare mai shirin yankewa da sanyi yana taɓa juna, in ya yi zahi ya buɗe. Don haka a auna sau biyu, da sahe da kuma bayan ka zaga da ita har wutar ta kama, nan take kafin ta huce, kuma mai awon ya dinga girgiza damin wayoyin yana kallon mita, in lamba ta yi tsalle to waya ce. Awon da aka samu a bwat a je a sake shi a soket ɗin kwamfuta, in a bwat daidai a kwamfuta ba daidai ba laihin na tsakaninsu, waya guda za a gyara.

Sai in awo ya nuna cikin bwat ne za a zubar da mai a kwance farantin ƙasa, ba a sauke bwat don wannan. A auna solenoyid ɗin shi kaɗai don wayar ciki ma tana lalacewa. Ina roƙo kar a jona mai batir kai tsaye don a ji ƙaras, om 5 ne hwa, a sa ƙwan wuta mai wat 21 a tsakani. A dubi farantin kuma, in mai ya yi baƙi yana warin ƙuna da garin ƙarhe da yawa a maganaɗisun to makanikenka na da ɗan gaskiya, in ja ne mai tsabta a sauya solenoyid mai lamba iri ɗaya a zuba man giya na Toyota mai suna WS, ba kowane jan mai na bakin tasha ba.

Kwamfuta ita ce ta ƙarshe da za a zarga. In an gama a goge lambar ka taka ta zuwa Tibiri ka dawo da rana, sannan ka rubuto min om nawa aka samu da sanyi, nawa da zahi.