Karɓar USDT da lambar QR a shago

Malam, ka tambaya ko za ka iya manna lambar QR (hoton nan mai ɗigo-ɗigo da ake karantawa da kyamarar waya) a shagonka na Kasuwar Barci don kwastoma ya biya da USDT, wato kuɗin intanet na kirifto da darajarsa ke bin dalar Amurka. Za ka iya. Lambar tana ɗauke ne da adireshin walat ɗinka, wato asusun da kake ajiye kirifto, wani lokaci har da adadin kuɗin.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne layin turawa, wato hanyar da USDT ke bi zuwa walat, kamar BEP20 ko ERC20. In naka BEP20 ne aka turo ta ERC20, kuɗin na iya maƙalewa, kuma babu bankin da zai dawo maka da su. Ka rubuta layin ɓaro-ɓaro a ƙasan lambar.

Kada ka yarda da hoton rasit. Sai kuɗi sun shigo walat ɗinka kaya su fita. Kullum da safe ka duba ko an liƙa wata lamba kan taka. Batun haraji da dokokin SEC (hukumar kula da kasuwar hannun jari) kuwa, ka nemi akanta ko lauya.