Rufin kejin karnukan farauta: wanne zan saka?

Wani mai walda daga Kano ya turo tambaya. Yana ƙera kejin karnuka da mafarauta ke ɗorawa a bayan akori-kura, amma suna ta ƙorafi wai yayi nauyi da yawa saboda faletin ƙarfe yake rufawa a sama. Yace wane rufi zai koma mara nauyi, wanda kuma ba zai cinye masa riba ba?

To malam, kwastomominka suna da gaskiya. Faletin ƙarfe mai kaurin milimita 1 yana kai kusan kilo 8 a kowace murabba'in mita, alminiyam mai wannan kaurin kuwa kilo 2.7 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku kenan. Amma kar ka ruga ka sayo alminiyam tsura, don ba nauyi kaɗai ne matsalar ba, akwai zafi. Farauta da rani ake yinta, a watan Afrilu zafin Kano na haura digiri 40, shi kuma kare baya zufa kamar mu, da haki yake sanyaya jikinsa, saboda haka in ka rufe shi da siririn ƙarfe rana na dukansa tun daga gari har daji, kafin a isa ya galabaita, kuma maharbi in karensa ya mutu a cikin kejinka wallahi ya gama sayen kayanka, har abokansa sai ya hana.

Ni dai shawarata Alucobond, wannan da ake liƙawa a fuskar shaguna da gidajen mai. Alminiyam ne sirara guda biyu da roba a tsakiya, baya lanƙwashewa kamar kwano, baya tsatsa, baya ƙara a hanya mai gargada. Ka zaɓi fari. A ƙasansa ka shimfiɗa siririn filawud, in da hali ka sa soso a tsakani, amma ka ɓoye shi sosai don kare zai yage shi da haƙori. Filawud shi kaɗai kuwa a'a, ruwa ɗaya biyu ya fara ɓarewa. Tamfol ma dai rufin wucin gadi ne.

Ka tuna ba'a walda alminiyam da ƙarfe, rifit zaka buga ko sukuru, ka sa roba tsakaninsu. Ka bar gefuna a buɗe da waya, rufin ya ɗan zarce ya bada inuwa.

Yanzu maganar kuɗi. Keji baya cin falle guda mai ƙafa 4 da 8, saboda haka kafin ka shiga kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa ka fara zagaya wajen masu aikin Alucobond da masu allon talla, ragowar yankansu suna bada shi da sauƙi, kuma ya isa rufin keji. In dole sai sabo, ka haɗa oda biyu ko uku ka yanka daga falle ɗaya.

Kayi farashi kala biyu, na kwano da filawud ga mai ƙaramin ƙarfi, na Alucobond ga mai so ya daɗe, ka bar mutum ya ɗaga duka biyun da hannunsa ya zaɓa. Kuma ka riƙa karɓar kafin alƙalami da zai biya kuɗin kaya gaba ɗaya, don farashin alminiyam da dala yake tafiya, na yau ba shi ne na sati mai zuwa ba.