Harafin 华 a sunan abokin cinikina: yaya ake furta shi?

Tambaya: Ina sayo kayan waya daga Guangzhou. Mutumin da muke ciniki da shi ya turo mini sunansa a WeChat, manhajar saƙonni ta Sinawa, harafin farko shi ne 华. Ɗana ya ce shi ne na sunan Huawei. Me yake nufi, kuma yaya zan kira shi kada in ji kunya?

Amsa: Alhaji, ɗanka ya yi gaskiya. Huawei, kamfanin da Ren Zhengfei ya kafa a Shenzhen a 1987, ana rubuta shi 华为. Harafin yana nufin ƙawa da ɗaukaka, kuma da shi Sinawa ke kiran ƙasarsu. A Hong Kong da Taiwan za ka gan shi da tsohuwar siffarsa, 華.

Furucin gaɓa ɗaya ce: "hwa". Sai dai Sinanci harshe ne mai karin sauti, kamar Hausa. Ka duba "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala, rubutu ɗaya, murya ce ta raba su. A Huawei murya hawa take yi, kamar mai tambaya: huá. Amma idan sunan zuri'a ne, sauka take yi, kamar mai ba da umarni: Huà. Haka ake kiran masanin lissafin nan Hua Luogeng. Su kuwa Sinawa sunan zuri'a suke fara sawa, don haka na mutuminka mai sauka ne. Ka ce masa "Huà lǎobǎn", wato maigida Hua. Haka 'yan kasuwa ke girmama juna a can.

Nan ne waya kan yaudari mutum. Google Translate yakan ba ka furuci ɗaya, alhali harafin yana da fiye da ɗaya. Shi ya sa na fi yarda da Pleco, ƙamus ne na kyauta. Ka danna sunan a WeChat ka riƙe, ka kwafa, ka liƙa a Pleco, zai jero maka huá da Huà, kowanne da ma'anarsa da alamar lasifika. Idan a jikin kwali ka ga harafin, ka ƙara Sinanci a Gboard, wato allon rubutu na Google a waya, ka zaɓi rubutun hannu, ka zana shi da yatsa. Zane shida ne kacal.

Bayan haka ka roƙe shi ya faɗi sunansa a saƙon murya, ka saurara sau uku ko huɗu kafin ku yi waya.